Hannun Inna a Kan Littafina

Littafina na biyu ni na buga abina da kaina, kamar na farkon. Bambancinsu shi ne na farko bai je ko'ina ba, ya ƙare a hannun dangi da abokan aikina na makarantar da nake koyarwa a Gwarzo. Na biyun ya ɗan yi tafiya. Labari ne na wata mata da ta tashi a ruga, mijinta ya rage shanu ya kama noma, ita kuwa ta kasa sabawa da zaman gida mai katanga. Wani gidan rediyo ya karanta shi kashi-kashi, daga nan mutane suka fara nemana.

A bangon baya na sa lambar wayata da lambar akwatin gidan waya na maigidana, wanda ya buɗe tun zamanin da yake neman aiki, bai kuma taɓa yarda ya rufe ba. Yawancin masu nema ta waya suke kira, kuma maganar kusan ɗaya ce: a aiko musu da littafi, amma a sa hannu a ciki. Ba ni da shago, ba ni da mai rarraba min. Kwalayen littattafan a ƙarƙashin gadona suke. Saboda haka duk Asabar da hantsi sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in fito da littattafai da biro da salatif da takardar naɗi, da leda idan damina ce. In rubuta sunan mutum, in yi masa addu'a layi guda, in sa hannu, in naɗe. Na nesa, maigida ya kai gidan waya ranar Litinin. Na kusa kuwa a ba direba a tasha, a rubuta lambar mai karɓa ɓaro-ɓaro a jikin ƙunshin.

Ba zan ɓoye ba, wannan zama na Asabar ya fi min rubutun kansa daɗi. Sai da na shafe mako guda ina gwada sa hannu a bayan tsofaffin takardun jarabawa kafin na samu wanda ya kwanta min, mai doguwar jela da take lanƙwasowa ta ƙarƙashin sunan. Idan na ja jelar nan sai in ji ni ma wata ce.

Mai kallona kullum ita ce Inna, mahaifiyar maigidana, wadda ta dawo wurinmu da zama bayan rasuwar mijinta. 'Yar Madadi ce, kuma 'yar malami. Ba ta yi boko ba, amma a gaban mahaifinta ta sauke, kuma tana da kurtun tawada da alƙaluman kara da take ajiyewa a cikin wata tsohuwar fanteka. Mace ce mai ƙarancin magana. Takan zauna a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, in ta ga na fito da kayan naɗi ta ce, "Yau ma an buɗe ofis." Iyakar abin da take cewa ke nan a kan sana'ata.

Wata rana a farkon damina maigida ya dawo daga gidan waya da ambulan guda, ya miƙo min yana dariya, wai akwatinsa dai ya yi rana. Wasiƙa ce daga Masanawa, can ƙasar Kabo. Wata mata ce ta rubuta da boko, a madadin uwar mijinta da kowa yake kira Gwaggo. Ta ce sun ari littafina ta karanta wa tsohuwar har sau biyu, sai mai shi ya karɓi abinsa. Yanzu Gwaggo tana son nata na kanta, da sa hannuna a ciki. Amma tana roƙon alfarma guda: a rubuta da ajami, domin shi ta iya karantawa, tana so a samu wuri ko da ɗaya ne a cikin littafin da ba sai ta nemi kowa ya karanta mata ba.

A ƙasan takardar akwai layi biyu na ajami da wani hannu daban, manyan baƙaƙe masu ɗan rawa.

Ni karatun Alƙur'ani na yi shi a Islamiyya, ina kuma karanta bugun zamani babu gargada. Amma Hausa da aka rubuta da rubutun allo ban taɓa zama na koya ba. Na ƙura wa layukan nan ido, na tsinci sallama a farko, daga nan na kakare. Sai na kai wa Inna. Ta goge hannu a zaninta, ta nisanta takardar da idonta, ta karanta tiryan-tiryan kamar mai hira:

"Ina gaishe ki, Malama. Matar cikin littafinki ni ce, sai dai ni ban yi kukana a gaban mutane ba."

Tun da na fara rubutu babu wanda ya taɓa faɗa min maganar da ta shige ni kamar wannan. Na karɓi takardar na koma ɗaki, na ce lallai da hannuna zan amsa. Daga Azahar har La'asar ina fama. Na cika shafi uku na littafin rubutu da baƙaƙe masu karkata, wasu sun hau kan wasu. Da na ga kamar ya yi, na kai wa Inna ta duba. Ta daɗe tana kallo.

"Kin bar su tsirara, babu wasali," in ji ta. "Wannan kuma ban san ko mene ne ba."

Sunana ne ta nuna.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, har a lokacin ma na san shi. In rubuta wa matar da boko in ce ban iya ajami ba, amma ga uwar mijina ta iya, za ta rubuta a madadina. Layi biyu ya isa. Amma na tuna ni ce na rubuta littafi sukutum a kan matar da ta tashi da allo da ƙwaryar nono, har tsohuwa tana cewa ita ce a ciki. Ta yaya zan buɗe baki in ce rubutun iyayenmu ya gagare ni? Sai na durƙusa kusa da Inna.

"Inna, don Allah ko za ki taimaka ki rubuta min a shafin farko?"

"In rubuta cewa ni na rubuta miki?"

"A'a, sa hannu ne kawai. Sunana za ki sa."

Ta dube ni, ba da faɗa ba, irin duban da take yi wa miya idan tana tunanin ko gishiri ya ji. Sannan ta tashi ta ɗauko fantekarta. Ta zuba 'yan ɗigon ruwa a kurtu ta motsa, ta gwada bakin alƙalamin a farcenta. Na faɗa mata layi biyu ta rubuta. Da ta gama sai ta ƙara na uku da ban faɗa ba, ta ce addu'a ce ta lafiyar ido, tsoho ya fi buƙatarta. Rubutun ya fito baƙi wuluk, a tsaye, kowane wasali a mazauninsa. Muka bar littafin a buɗe a inuwa har ya bushe. Na naɗe shi da leda biyu, Litinin ya tafi.

Na ɗauka shi ke nan. Bayan mako uku sai ga wata ambulan. Wannan karon babu boko ko kaɗan sai adireshin da ke baya. Shafi guda cur da hannun Gwaggo. Inna ta karanta min. Tsohuwar tana godiya, tana cewa ba ta taɓa zaton a cikin 'yan boko akwai mai riƙon alƙalami irin na ɗaliban da ba. Ta tambaye ni a gaban wa na yi karatu. Ta ba ni labarin saniyarta ta ƙarshe da ta hana a sayar, wadda take ɗaure a bayan ɗakinta. A ƙarshe ta ce tana jiran amsa.

Na faɗa, Inna ta rubuta. Tambayar a gaban wa na yi karatu kuwa na ce a tsallake ta.

Haka wasiƙu suka riƙa zuwa suna komawa har damina ta wuce. Ta biyu da ta uku na zauna na faɗi abin da za a rubuta kalma-kalma. Ta huɗu ta same ni ina tsakiyar duba takardun jarabawar ɗalibai, sai na ce, "Inna, ki amsa mata yadda kika ga ya dace, ki sa sunana a ƙasa." Daga ranar haka aka ci gaba. Inna takan karanta min ta Gwaggo in ji, amma amsar ban cika tambaya ba. Sai dai in ga ta shimfiɗa buzunta bayan Azahar, ta jawo fanteka, ta daɗe tana rubutu tana tsayawa tana kallon bango. In ta gama ta ninke ta miƙo min, ni kuma in sa a ambulan in rubuta adireshi. A wata wasiƙar Gwaggo ta tambaya, "Malama, shekarunki nawa ne? Maganarki ta manya ce." Na yi dariya har da tafa hannu. Inna ba ta yi ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma shi ne ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba. A tsakanin nan an gayyace ni wani taron marubuta a Kano. Da aka ba ni dama in yi magana, sai na ba da labarin wata tsohuwa mai karatuna da muke musayar wasiƙa da ajami. Na ce bai kamata marubuci ya yar da rubutun kakanninsa ba. Na ɗaga wayata na nuna hoton shafin farkon nan da Inna ta rubuta. Aka yi min tafi. Wani dattijo ya biyo ni har bakin ƙofa yana sa min albarka, na sunkuyar da kai ina amsa amin.

Bayan an gama girbi, wata Talata da rana, wayata ta yi ƙara. Matar ɗan Gwaggo ce. Ta ce sun kawo Gwaggo asibiti a Gwarzo a duba mata ido, an gama, ta kuma ce ba za ta hau mota ba sai ta ga Malama. Ta ina za su bi? Na yi musu kwatance. Da na ajiye wayar na leƙa ɗakin Inna na faɗa mata. Ta ce, "To, a ɗora ruwa," ta sauya mayafi ta fito ta zauna a kan tabarma.

Ɗan Gwaggo ya tsaya a zaure wurin maigida, matan biyu suka shigo. Gwaggo doguwa ce siririya, fara, tana ɗan jan ƙafar hagu. Tana rungume da wani abu a cikin ɗankwali, surukarta kuma tana ɗauke da ƙwarya a rufe da faifai. Suka gaisa da Inna gaisuwar manya, an tambayi gida da gajiya da yara da amfanin gona da jiki, kowacce tana amsawa a hankali. Da aka gama sai Gwaggo ta juyo gare ni gaba ɗaya, ta ba Inna kafaɗa.

"Matso nan, Malama. Ashe yarinya ce ke."

Na matsa. Ta kama hannuna na dama da hannayenta biyu, ta juya shi ciki da baya, ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ne hannun," ta ce wa surukarta. "Kin gan shi? Allah ya yi masa albarka."

Inna tana zaune bai fi taku biyu daga gare mu ba. A gefen ɗan yatsanta na tsakiya akwai tabon tawada da bai gama fita ba tun wasiƙar makon jiya. Na gan shi. Ina ganin sa'ad da ta ja hannun ta sa a ƙarƙashin mayafi.

Gwaggo ta kwance ɗankwalin, littafina ne a ciki. Duk sauran shafukan suna nan fes, amma na farkon ya yi laushi, gefensa ya yi duhu saboda yawan taɓawa. Ta fara hira, tana ɗauko zantuka daga wasiƙun, tana cewa kin tuna da kika ce kaza, kin tuna da kika ce kaza. Rabinsu ban taɓa jin su ba. Ina ta gyaɗa kai ina murmushi.

"Amma wadda ta fi tsaya min," in ji ta, "ita ce ta ruwan alwala. Da na rubuto miki cewa tun da Malam ya rasu har yau nakan manta in zuba tuwo a kwanonsa, ina tsoron ko hankalina ne ya fara taɓuwa. Kika ce min kin san wata mata da ta yi wata huɗu tana cika wa mamaci buta da asuba, ta ajiye masa a ƙofar ɗaki, sai rana ta fito ta tuna. Kika ce ba hauka ba ne, sabo ne, kuma ranar da hannu ya daina da kansa za ki ji kewar mantuwar ma. Wallahi Malama, ranar na ci abinci na ƙoshi."

Ban san wata mata mai cika buta ba. Amma na san lokacin da Inna ta dawo gidanmu, na kuma tuna butar ƙarfen da nake tararwa a ƙofar ɗakinta da safe cike da ruwa, wadda na ɗauka mantuwa ce ta tsufa, har nakan kwashe in zuba wa kaji. Na ɗago na dubi Inna. Ita tabarma take kallo.

A nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah sarki, Gwaggo. Allah ya jiƙansu."

Kafin su tashi Gwaggo ta roƙe ni abu guda. Ta ce in ƙara layi ɗaya a ƙasan shafin, in sa wa surukarta albarka, tunda ita ce ta karanta mata littafin, kuma tana so ta ga yadda nake riƙe alƙalami. Na ce ai tawadar ta bushe, sai an jiƙa wata, zan rubuto a takarda in aiko. Kurtun yana cikin ɗakin da ke bayanmu, a jiƙe. Inna ta miƙe a hankali ta ce bari ta duba ruwan zafi.

Suka bar min ƙwaryar. Man shanu ne, fari sol, na saniyar nan ta bayan ɗaki. Gwaggo ta ce kwana tara tana tara min shi. Na raka su har ƙofar gida. Da Gwaggo ta zo yi wa Inna sallama ta ce, "Hajiya, kin yi sa'ar suruka." Inna ta ce, "Allah ya kai ku lafiya."

Inna ta shige ɗakinta har aka yi La'asar. Ina wanke kofuna ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina.

"'Yar nan, na daina."

"Inna, don Allah ki yi haƙuri, ni ma ban san za su..."

"Ba faɗa nake miki ba. Ni ma da laifina, tun ranar farko na ga abin na kuma ɗauko tawada. Sunan ba shi ya dame ni ba, me zan yi da suna yanzu? Amma matar nan ta zauna a kan tabarmata. Na san gwiwar da take mata ciwo. Na san abin da take faɗa wa saniyarta in za ta tatse ta. Ita ma ta san abin da ɗana bai sani ba game da ni. Muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti."

Ta juya ta koma ɗaki. Man shanun ta ƙi ci. Ni ma na kasa, maigida ne da yara suka cinye shi a kan tuwo. Da na ba shi labarin, ban da na taron Kano, ya ce wannan tsakanina da Inna ne, shi dai aikinsa kai wasiƙa.

Bayan kwana goma wasiƙar Gwaggo ta iso, ta godiya, tana tuna min alkawarin layin surukarta. Inna ta karanta min kamar yadda ta saba, ta miƙo min, ta ci gaba da tsintar wake. Na ajiye takardar a ƙarƙashin matashi mako uku. Asabar biyu ban fito da kayan naɗi ba. Mutane suna kira suna tambayar littattafansu ina cewa ba ni da lafiya.

Daga ƙarshe na zauna na rubuta da kaina, da biro, domin ban ga ina da fuskar aron alƙalamin Inna ba. Kwana huɗu na yi a kan rabin shafi. Na riƙa buɗe tsofaffin wasiƙun Gwaggo ina kwaikwayon yadda ake haɗa baƙaƙe, ina ɗora wasali ɗaya-ɗaya kamar mai dashen albasa. Abin da na rubuta bai da yawa. Na ce wannan shi ne hannuna na gaskiya. Na ce shafin farko da dukkan wasiƙun uwar mijina ce ta rubuta, wadda kuka gaisa da ita, kuma maganganun da suka yi miki amfani nata ne ba nawa ba. Na ce tawada ba ta bushe ba ranar nan, ƙarya na yi. Na roƙi gafara.

Na kai wa Inna na ce ko za ta duba min kurakurai. Ta karanta har ƙarshe, leɓenta yana motsi, ta daɗe a wasu wuraren.

"Kurakurai kam akwai," ta ce. "Bar su. Za ta gane."

Wata biyu babu amsa. Duk ranar da maigida ya biya gidan waya nakan dubi hannunsa tun daga zaure. Na koma zaman Asabar saboda mutane suna jira, amma sai in yi shi a cikin ɗaki.

Da amsar ta zo, sunana ne a bayan ambulan saboda adireshi, amma takardar ciki ta Inna ce, shafi biyu gaba da baya. Inna ta shiga ɗaki da ita. Da ta fito ban tambaye ta ba, ita ma ba ta karanta min ba. Ta ce dai, "Tana gaishe ki."

Sauran bayanin a bakin surukar Gwaggo na ji shi, ranar da na yi ƙarfin hali na kira ta. Ta yi min magana da mutunci, amma ba ta rage komai ba. Ta ce Gwaggo ta nuna shafin nan ga duk wanda ya shigo gidan, har gidan liman ta kai shi, tana cewa ku zo ku ga 'yar boko mai rubutun allo. Da wasiƙata ta zo ta yi kwanaki a ɗaki. Daga baya ta ɗauki sandarta ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarta mai ciwo, tana gyara maganar da ta faɗa, domin ta ce ba za ta bar ƙarya tana yawo da bakinta ba. Ni da na yi ƙaryar, har yau ban koma wurin mutanen taron Kano na gyara tawa ba.

Gwaggo ba ta sake neman sa hannuna ba. Na yi ta tsammanin za ta dawo da littafin ta ce in rubuta da nawa hannun komai muninsa, har na tanadi abin da zan rubuta. Ba ta dawo da shi ba. Wasiƙu dai suka ci gaba tsakaninta da Inna, ni kuma nawa in rubuta adireshi.

Da bazara surukar Gwaggo ta haihu, aka aiko wa Inna goron suna. Ta ce za ta je, kuma tunda maigida yana wurin aiki ni zan raka ta. Na nemi hanyar zamewa ban samu ba. Muka hau mota zuwa Kabo, daga nan muka shiga wata zuwa Masanawa. Gidan babba ne, ga rumbuna a tsakar gida, ga turken awaki, mata sun cika ko'ina. Da aka ce ga mutanen Gwarzo, Gwaggo ta fito daga ɗaki ba ko sanda. Ta rungume Inna, suka tsaya a haka suna jijjiga juna, kowacce tana magana ba mai sauraren wata. Ta ja ta tana nuna ta ga mata tana cewa, "Ga ƙawata da nake ba ku labari." Ni kuma ta ce, "Wannan surukarta ce." Wasu daga cikin matan suka dube ni suka dubi juna. Na san sun san ko ni wace ce.

Suka shige ɗaki su biyu. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ajiye mayafi na shiga cikin masu rabon abinci, na yini ina zuba shinkafa a kwanuka. Babu wadda ta yi min maganar littafi, kuma na gode musu.

Sai da muka tashi tafiya Gwaggo ta kira ni gefe, kusa da inda saniyarta take ɗaure.

"Malama, wasiƙarki ta ba ni wuya. Kwana biyu na yi ina haɗa ta."

"Ki gafarce ni, Gwaggo."

"Na yafe tun tuni, ba don haka na kira ki ba. Ki riƙa sa Hajiya tana fita. Mace irin wannan a ce tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa ita kaɗai? Kuna da ita a gida ba ku san abin da kuke da shi ba."

Na ce to. Ta ɗaga murya ta ce a kawo wa baƙi ƙunshinsu.

A mota na zauna a gefen taga da ƙunshin a cinyata, Inna a kusa da ni. Tun daga Masanawa ta fara magana. Ta ba ni labarin ƙanwar Gwaggo da ke aure a Dugabau, da yadda suka gano cewa mahaifin Inna ya taɓa zama a garin su Gwaggo yana ɗalibi, da jaririyar da ta ce ta ɗebo goshin kakarta. Ta yi dariya har sau biyu, har wata mata da ke gabanmu ta waiwayo. Shekara shida muna gida ɗaya ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ba ta tsaya ba sai da direba ya ce Gwarzo, masu sauka.